Ƙarfen da Titi Ya Ci

Wancan makon na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, yana gaya wa ɗan'uwansa wai aikin nan namu ba wani aiki ba ne. Wai akwatin katako ne da 'yan ƙarafa a jere, ka ɗaure, ka danna da babban yatsa, shi ke nan. Har ya ce ya ga irinsa a intanet, arha kamar banza. Gaskiyarsa. Ya je ya sayo ya kawo mini nan, mu jona shi da lasifika, mu sa jita da ganga a gefensa, mu ga wa zai fara toshe kunne. To ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama, yau ba wanda zai taɓa zarto. Zan gaya muku inda ƙarfen da ke hannunku ya fito.

Mu a Jos agidigo muke ce masa. A garin nan za ku ji wasu na cewa kalimba, wasu mbira, 'yan Kwango kuma likembe, kowa da yadda yake ɗaure nasa. Ni a wurin Malam Audu mai gyaran agogo na koya, wani siririn dattijo mai ƙarancin magana da ke da rumfa kusa da tashar jirgi. Gyaran agogo ne abincinsa, agidigo kuwa na marmari ne, yana yi wa samarin unguwa masu zaman dandali. Aikin farko da ya ba ni, ina tune da shi kamar yau, naɗaɗɗen ƙarfen cikin wani babban agogon bango ne da ya mutu. Ya ce in miƙar da shi ba tare da wuta ba. Na zauna da guduma a kan guntun ƙarfen layin dogo, ina bugu tun safe har hannuna ya yi kanta. Da na kawo masa sai ya yanki guntu, ya kama gindinsa da haƙora, ya kaɗa bakinsa da yatsa, ya ɗan saurara. Ya tofar da shi a kwandon shara. “Ka kashe shi,” in ji shi. “Ɗauko wani.”

A nan na koyi jin ƙarfe da haƙori. Kunne yana ruɗin mutum, musamman inda ake hayaniya, amma in ka ciji gindin ƙarfe ka kaɗa, muryarsa ta cikin ƙashin kanka za ta bi, ba abin da zai ɓoye maka. Bayan an wanke shi fa, kada ku je gida ku ce Ɗanlami ya sa ku cin shara. Malam Audu bai taɓa amfani da sabon ƙarfe ba. Na cikin agogo, karyayyen zarto, wayar lema, duk abin da ya samu. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, don a lokacin sabon ma ina yake?

Yadda na zo London dogon labari ne, ba shi ya tara mu ba. Abin da ya shafe ku shi ne aikin da na samu: shara. Wani kamfani ne da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba kwangilar share tituna. Ni ina tura amalanke da tsintsiya a gefen hanya, abokin aikina Isiyaka yana tuƙa motar shara, irin mai burushin nan guda biyu da ke juyawa a gaba. Isiyaka mutumin zangon Kumasi ne, ƙato, baƙi, bakinsa ba ya hutawa. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk “ya” ne a wurinsa, ni kuwa ba na gajiya da tsokanarsa a kai. Shi kuma ya ce mu 'yan Najeriya mun cika wahalar da baki.

Wata safiya a Old Kent Road, bayan motarsa ta wuce, na ga wani siririn ƙarfe a bakin kwata, fale-fale, tsawonsa ya ɗan fi taƙi. Tsinke ne daga burushin motar, ya karye ya faɗi. Kullum muna share irinsu ban taɓa kula ba. Ran nan dai na ɗauka, na goge da rigata, na danne gindinsa a jikin katakon amalanke na kaɗa. Wallahi sai da na sake kaɗawa. Murya ce zagayayya, mai ɗan dishi-dishi a ƙarshe, tana fita ta tsaya daidai inda ya kamata ta tsaya. Tun barina Jos ban ji irinta ba. Na cika aljihuna da su kafin a tashi aiki, Isiyaka yana leƙowa ta taga yana cewa ɗan Najeriya ya fara tsince-tsince.

Agidigon farko da na haɗa a garin nan da aljihun wata tsohuwar durowa na yi shi, wadda aka yar a bakin wani flat. Mutanen nan suna zubar da katakon da ya shekara da shekaru yana bushewa a ɗaki mai ɗumi, katakon da ba zai ƙara motsi ba har abada, su je su sayo na garin katako da gam. Allah ya ƙara musu. Kayan aikina a lokacin ba su wuce zarto, magagari, filaya da samfefa ba, sai ƙaramar guduma da na zo da ita daga gida. Har yau ita ce waccan da ke rataye, wadda na hana ku taɓawa.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai malaman makarantar yara, su ba ruwansu da murya, in dai ba kaifin da zai yanki yaro. Akwai Turawan nan masu zama a tabarma su rufe ido suna jan numfashi, su komai ka kaɗa musu sai su ce ya yi daɗi. Akwai wani ɗan jarida Bakano da ya sayi ɗaya don buɗe shirinsa na rediyo, ya tsaya yana ciniki kamar a Kurmi muke. Akwai wani tsoho ɗan Kwango da bai taɓa sayen komai ba, amma duk Asabar sai ya zo teburina a kasuwa ya gaya mini yadda nake saita muryoyin ba daidai ba ne. Na ƙaru da shi fiye da masu sayen.

Sai Jummai. 'Yar wani likita ce Bazazzagi, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta gauraya da Turanci. Ta tsaya a teburina ta ɗauki ɗaya, ta kaɗa, ta ajiye, ta ɗauki wani, har na fara tunanin ko 'yar tsohon nan ɗan Kwango ce. Can ta ce, “Kawu, ina da band. Za ka iya yi mini wanda zai zauna da jita da fiyano?”

Aikin nan ya ba ni wuya, ku saurara da kyau. Saitinmu na gida daban, na fiyanon Turawa daban. Dole kowane harshe, wato kowane ƙarfe, ya sauka daidai kan muryar fiyano, amma jerin ya zauna yadda muke yi, babba a tsakiya, ƙanana hagu da dama, don yatsu biyu su riƙa amsa wa juna. Wannan mai sauƙi ne, tura harshen ne da janye shi. Mai wuyar shi ne makirfo. Na manna ɗan ƙarami a cikin akwatin, muka jona da lasifika a ɗakin da suke gwaji, sai abin ya kurma wani ihu da ya sa mai ganga ya yar da sandunansa. Akwati mai rami yana kama ƙarar lasifika ya mayar mata, ita ma ta mayar masa. Na kwance, na rage ramin, bai daina ba. Na canja wa makirfon wuri, bai daina ba. A ƙarshe tsohon soson katifa na yanka na cusa a ciki, na bar ɗan fili ƙarƙashin manyan harsunan. Shiru kamar an ɗauke wuta.

Ranar na fara jin irin kiɗansu. Jummai za ta kama 'yan muryoyi kaɗan ta yi ta zagayawa da su, ba farko ba ƙarshe. Tana da wata na'ura da take takawa da ƙafa, mai maimaita duk abin da ta kaɗa, sai ka ji kamar mutum uku ke kaɗawa, kamar mata suna lugude a turmi ɗaya. Jita mai babbar murya ta shigo ta ƙasa, fiyano ya ja dogon sauti ya shimfiɗa, ganga ta riƙe. Ba waƙa, ba kirari. Ka zauna da niyyar saurare kaɗan, sai ka farga shayinka ya huce a hannunka ba ka sha ba. Na ce mata wannan ai kiɗan ɗauke hankali ne. Ta yi dariya ta ce shi ake nema.

Suka karɓu. Duk inda suka yi wasa sai wani ya tambayi wa ya yi abin nan, ita kuma ba ta ɓoye ni. Makaɗa suka fara nemana, wasu har daga ƙetaren ruwa. Na ajiye tsintsiyar kamfani, na kama wurin nan ƙarƙashin gadar jirgi. Ƙarfe kuwa ban taɓa damuwa da shi ba. Da safe in bi bakin titi bayan mota ta wuce, in tsinto, in jiƙa a ruwan tsami tsatsa ta fita, in zaɓa. Titi yana ba ni kyauta, na ɗauka haka zai yi ta bayarwa.

Sai ga wata muguwar shekara, ni shekarar roba nake ce mata. Kwangilar shara ta koma hannun wani kamfani, suka zo da sababbin motoci masu burushin roba. An ce ƙarfe yana kankare sababbin duwatsun da aka shimfiɗa, yana kuma huda tayar keke. Ban ga laifinsu ba. Amma na fita wata safiya na tarar da bakin kwata cike da shuɗɗan tsinkayen roba. Ƙarfen da na tara a gwangwani ba shi da yawa, kuma harshe ba ya dawwama. Mai kaɗawa da ƙarfi irin Jummai, a hankali ƙarfen yake gajiya a gindi, wata rana ya ɓalle.

Na ɗaura maganaɗisu a bakin sanda na shiga yawo. Na bi unguwannin kudu kaf, wasu sun riga mu komawa roba, a wasu na samu 'yan tsirari da tsatsa ta gama cinyewa. Har Croydon na je. Ina sunkuye ina jan sandata a bakin titi kusa da babban ofishin nan na takardun zama, sai wani bawan Allah mai jar hula ya fito daga layi ya dafa ni, ya ce, “Malam, sannu. Haƙuri ake yi, kowa da ka gani a nan an taɓa hana shi.” Ya ɗauka takarda aka hana ni kaina ya taɓu. Na yi masa godiya, don ban san ta inda zan fara bayani ba.

Ana cikin haka Jummai ta zo da agidigonta a jaka, manyan harsuna biyu sun karye, wasu sun fara tsagewa. Kuma ta zo da labari: an ba su wasa a wani babban zauren wasanni a Aldwych, mafi girma da suka taɓa samu. Ba ta ɓoye mini komai ba. Mai haɗa musu sauti, wani Bature mai hankali, tun da daɗewa ya naɗi muryar kowane harshe ya zuba a kwamfuta, don gudun irin wannan rana. “Kawu, ba na so in yi playing daga laptop,” in ji ta. “Amma in babu yadda za a yi, dole.” Na gane abin da ke ƙasa. Duk makaɗan da ke sayen kayana za su kasance a zauren nan. In suka ga Jummai da kanta tana danna kwamfuta kuma kiɗa ya fita lafiya, ba wanda zai ƙara hawa bas ya zo ƙarƙashin gada neman Ɗanlami. Muryar ƙarfena za ta ci gaba da yawo a duniya, ni kuwa in koma tura amalanke.

Na ce ai abu mai sauƙi ne, kamar yadda ɗan'uwanku ya faɗa wancan makon. 'Yar cikina ta nemo mini inda ake sayar da burushin ƙarfe sabo fil, irin na motar sak, ta yi mini order. Ya iso yana ƙyalli. Na yanka, na ɗaura, na saita, muka jona. Tabɗi. Murya ce kamar ƙararrawar keke, da wani siririn ƙara a samanta da ba ya mutuwa. A hannu kawai ba za ka damu da shi ba. Amma da Jummai ta taka na'urarta, ƙaran nan ya hau kan ɗan'uwansa, wani ya hau kan wani, har haƙoran mutum su fara tsami. Ta cire wayar a hankali ta miƙo mini akwatin. Da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Na dawo na jera tsoho da sabo a kan teburin nan ina kallo. Ƙarfe ɗaya ne, faɗi ɗaya. Bambancin a baki yake. Sabo kaurinsa ɗaya daga gindi har baki. Tsohon kuwa titi ya cinye shi, ya tafi yana sirancewa a hankali ta gefe guda, sumul, kamar bakin tsohuwar wuƙar kicin. Na ce to zan yi masa da hannu. Na sa magagari, na wuni a kan harshe ɗaya, ya fito da tudu da kwari, muryarsa tana rawa. Na kai injin wasa wuƙa, nan da nan ya yi zafi ya koma shuɗi, kuma ƙarfen da ya yi shuɗi ya mutu, in ka lanƙwasa shi ba ya dawowa. Na sa ruwa ina wasawa, ya ɗan fi, amma bai kai ba. Kwandon nan ya cika da gawarwaki. A makonnin nan duk wanda ya shigo shagon nan ya sha masifa, har mai kawo wasiƙa.

Ranar wata Juma'a bayan an sallame na haɗu da Isiyaka a wurin takalma. Mun daɗe ba mu gamu ba, ya bar kamfani ya tsufa, amma bakin yana nan. Ya dube ni ya ce, “Ɗan Najeriya, matarka ya daina ba ka abinci?” Na gaya masa halin da nake ciki. Ya yi dariya har da riƙe bango.

“Kai kana so ka yi aikin titi da hannu? Mota ya juya abin nan sau nawa kafin ya faɗi? Kawo burushinka. Ni yana da mota.”

Ashe da ya bar aiki ya sayi wata tsohuwar ƙaramar motar shara, yana share filin ajiye motoci na wani coci da ke cikin tsofaffin sito a bayan Old Kent Road. Duk Asabar yake yi, kafin jama'arsu su cika wurin ran Lahadi. Fili ne na masu shi, ba ruwan council da irin burushin da ya ɗaura.

Asabar ta farko muka ɗaura burushina, ya share filin tas, muka kwance. Na ciji ɗaya na kaɗa, na tofar. Bakin ya ci, amma a miƙe ya ci, ya dakushe kamar an datse. Isiyaka ya karɓa ya jujjuya a hannunsa, ya duba bakin da kyau. Sai ya ce, “Wannan ya share fili ne. Naka na da, bakin kwata ya share.” Nan na gane, shi ya riga ni. A titi burushin ba kwance yake ba, a karkace yake, yana dukan dutsen bakin hanya da gefensa. Dutsen ne ke fere shi.

Filin cocin nan yana da dutsen gefe, amma ɗan gajere ne, daga ƙofa zuwa wurin kwandunan shara. Isiyaka ya karkata burushin, ya kama hanya. Ya je, ya yi baya, ya je, ya yi baya. Tartsatsi na tashi, ƙara kamar ana yanka kwano. Ni ina biye da bokiti ina watsa ruwa kada ƙarfen ya yi zafi, wandona sharkaf. Mutanen da ke benen bas mai hawa biyu suna leƙenmu. Mai gadin cocin ya fito ya tsaya da hannu a ƙugu, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wurin da aka share da gaba irin wannan ba. Isiyaka ya ce masa tsabta ce ta musamman, kyauta. Muka koma Asabar ta gaba, da ta gaba. A duk London babu dutsen da ya kai wannan tsabta.

Kada ku ɗauka duk abin da ya fito daga burushin ya yi. A cikin dami guda, wanda zai zama harshe bai fi ka riƙe a tafin hannu ba. Na wanke, na zauna ina ciza ina kaɗawa ina warewa, masu kauri gefe, sirara gefe, har muƙamuƙina ya yi ciwo. Tunda ba zai yiwu in gauraya tsoho da sabo a akwati ɗaya ba, na kwance na Jummai gaba ɗaya na sake masa harsuna daga farko har ƙarshe. Na goge bakin kowanne da samfefa mai laushi don kada ya ci mata farce. Na saita, na bar shi ya kwana, na sake saitawa, don sabon ɗauri yana zamewa.

Na kai mata wurin gwaji saura 'yan kwanaki wasan. Kwamfutar tana nan a buɗe a kan tebur kusa da ita, da ita suke ta gwaji tun da na tafi da akwatin. Ta jona, ta kaɗa babban harshen tsakiya, ta saurara. Ta taka na'urarta ta zagaya sau da yawa. Siririn ƙaran nan babu shi, wannan kam na ji da kunnena. Amma ta tsaya ta ɗago kai.

“Kawu, ba same ba ne.”

Ba ta yi ƙarya ba. Na da kwalta da dutsen titi suka ci shi, wannan kuwa siminti ne. Muryarsa ta fi kauri, dishin ya fi yawa, kamar mutumin da ya tashi daga barci. Na ce mata, “Wancan ya tafi, 'yata, ba zai dawo ba. Wannan shi ne abin da nake da shi.” Baturen ya ce duk sauran kayan kiɗan an daidaita su da tsohuwar muryar, canjawa yanzu kasada ce, kuma gaskiya ya faɗa. Jummai ta dubi kwamfutar, ta dubi akwatin da ke cinyarta. “Bar mini shi,” in ji ta. “Zan yi deciding.” Na fito na hau bas. Har ranar wasan ba ta kira ni ba, tikiti biyu kawai ta aiko.

Wasan na yamma ne, bayan la'asar. Isiyaka ya sha babbar rigarsa ta saƙi irin ta mutanen arewacin Gana, yana tafe yana baza ta. Da muka sauka a Aldwych ya tsaya a ƙofar zauren ya nuna mini bakin kwatar wurin, ya ce ya share nan shekara da shekaru bai taɓa sanin yadda cikin ginin yake ba. Muka shiga, aka nuna mana kujerunmu. Wuri ya cika maƙil. Na hango makaɗan da nake yi wa aiki nan da can, wasu suka ɗago mini hannu, na ɗaga musu da ƙyar. Idona yana kan dandamali. Ga ganguna, ga fiyano, ga jita a jingine. Ga kuma ɗan teburin nan kusa da inda Jummai za ta tsaya, kwamfutar tana kai, an jona mata wayoyinta tsaf.

Aka rage fitilu. Mai ganga ya fito, mai jita ya fito, mai fiyano ya fito. Sai Jummai, da gorar ruwa a hannu ɗaya, ɗaya hannun a bayan zanenta, ban ga abin da ke ciki ba. Ta zo gaban teburin ta tsaya. Ta sa yatsa ta rufe kwamfutar, ta ɗora gorar ruwanta a kai. Sannan ta fito da akwatin.

Ban san lokacin da na damƙi gwiwar Isiyaka ba. Ta fara da babban harshen ita kaɗai, muryar nan mai kauri ta cika zauren har cikin ƙirjin mutum. Ta zagaya, ta zagaya, jitar ta shigo ta ƙasa, sai na ji ashe sun sake komai, sun sauko da sauran kayan sun zauna a kan sabuwar muryar. Ya fi na da nauyi, ya fi shi ja. Na waiwaya na ga jere bayan jere na mutane suna kaɗa kai a tare, wasu ido a rufe, ba mai ɗaga waya. Daɗi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a sana'ar nan, kuma ban ji kunyar share idona da hula ba.

Can tsakiyar kiɗan, da ta sauko kan harshen da ya fi kowanne dishi ta yi ta nanata shi, Isiyaka ya sunkuyo ya sa baki a kunnena. Raɗa yake nufi, amma raɗarsa sai da mutanen jeren gabanmu suka juyo.

“Ɗan Najeriya, ka ji wannan? Na kusa da kwandon shara ne. Ni ya tuƙa shi.”